Ta Saman Katanga

Shekara tara katanga ɗaya ta raba mu
da Mame Serwa mai agada a Kejetiya.
Ban san sunan ɗanta ba,
ba ta san ni tela ba ne.
Asuba ta fitar da ni, isha ta mai da ni,
gaisuwarmu ɗaga hannu ce, ita ma sai an yi kiciɓis.

Sai aka ce kowa ya shige ɗaka.
Mako uku Kumasi ta haɗiye harshenta.
Motocin haya suka kwanta a tasha kamar shanun da suka ƙoshi,
ladan ya kira salla, ya ce a yi ta a gida.
Ranar na fara jin kukan tsuntsu a Abuwabo.
Ashe suna nan.
Mu ne ba ma nan.

Kwana na shida tukunya ta fara haki.
Hamdiya na auna gari tana kallon bango
don kada idonmu ya haɗu.
Sai ga kan agada ya leƙo ta saman katanga,
murya na biye da shi:
"Ta nuna, ba kasuwa.
Ku karɓa kafin ƙuda su riga ku."

Kwanon maƙwabci ba ya komawa da yunwa.
Na tattara ƙyallayen atamfa,
na ɗinka takunkumi uku, ɗaya ƙarami,
a nan na san sunan yaron Kwabena.
Hamdiya ta ɗora tubani a kai.
Kwanon ya hau, ya sauka, ya sake hawa,
har ya fi mu sanin hanya.

Ba yabon annoba nake ba.
Ta ɗauki Baba Gado mai gyaran agogo,
mutum shida muka kai shi, nesa-nesa da juna,
ba wanda ya dafa kafaɗar wani.
Har yau in na wuce rumfarsa
agogon hannuna nauyi yake mini.

Amma ruwa in ya janye yakan bar laka,
laka kuma takan yi shuka.
Bokitin mai famfo yana nan a zaure,
shuɗinsa ya koɗe, sabulun ba ya yankewa.
Munira, da aka haifa bayan an buɗe gari,
ta ɗauka haka aka halicci ƙofa:
ka wanke hannu, sannan ka yi sallama.
Ruwan da ya taru a ƙasa
na attarugu ne da ke cikin tsohuwar taya,
bara har mun ba mutane.

Inna tana Salaga.
Da, sai salla take jin muryata,
yanzu duk Alhamis bayan magariba.
Labarin akuyarta ne, da gwiwa, da tsadar gawayi,
wani lokacin ba labari,
numfashinta kawai, da rediyo a bayanta.
Ba na katsewa.

Keken ɗinki ma ya koyi hutu.
Ƙarfe biyar nake rufe masa baki
ko da ana jibi salla.
Masu kaya sun yi fushi, sun gaji, sun saba.
Kuɗin ya ragu kaɗan.
Na san haƙorin Munira na fari ranar da ya fito.

Bana mai gida ya zo da bulo,
wai zai ƙara wa katanga layi biyu saboda ɓarayi.
Mame Serwa ta faɗa masa da Asantanci,
na faɗa masa da Hausa,
ya ji duka biyun.
Bulon na nan jingine, yara na zama a kai.

In ka zo gidanmu, duba saman katangar,
daidai inda reshen gwanda ya sunkuyo.
Akwai wuri kamar tafin hannu
da siminti ya yi santsi.
Gindin kwano ne ya goge shi.
Yau wake da shinkafa ne.
Bari in je, na ji ta yi gyaran murya.